Tabilet ɗin Mai Fansho

Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa,
na ƙulle kuɗin adashi a haɓar zane,
jika sittin cif, haƙurin wata goma.
Na ce wa Habsu, sa takalmi ki raka ni,
idona ya gaji da tonon baƙi cikin waya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Shagon Shibkau na bayan masu albasa,
sai ka share hawaye kafin ka ga ƙofa.
Ya jera mini uku bisa tebur,
ya goge su da hannun riga.
Wannan giga talatin da biyu, in ji shi,
wannan sittin da huɗu, Inna, ba ya cika.
Na ce, gigar nan da tiya ake awonta?
Ya yi dariya. Habsu ta rufe fuska.

Ni ban san giga ba.
Amma shekara talatin ina karɓar haihuwa,
hannuna ya riga sikeli sanin nauyi.
Na ɗaga babban, mai faɗin faifai:
wannan ya kusa bakwaini,
wa zai rungume shi tun isha'i har barci?
Na ɗaga ƙaramin, sakayau kamar takarda,
baƙinsa tururuwa ne, irin na wayata.
Me na gudo, me na tarar?

Na tsakiyan ba shi da kyau.
Baƙi ne, da ɗan ƙarce a gindi,
ya ce daga Dubai ya zo, ban yi musu ba.
Na fita da shi rana.
Haske ya gudu, gilas ya koma madubi,
sai ga wata tsohuwa tana hararata,
kallabi a karkace, goshi duk tambaya.
Habsu ta ja yatsa, tsohuwar ta ɓace,
rubutu ya dawo ya zauna.

Ita kamara take so, da wurin zuba fim.
Ni batir nake tambaya.
Yaro, ka san bazarar garin nan,
kuran ya tafi tun azahar bai yi sallama ba,
awa nawa wannan zai jure ƙishirwa?
Ya ce takwas. Na dube shi.
Ya ce shida.
Na ce yanzu muka soma ciniki.

Sai na ce a kunna mini abin da Bube ya aiko,
ɗansa na koyon tafiya a wani tsakar gida na Abijan.
Sau ɗari na gan shi a waya, kamar ƙwaro.
Yau ga kunnuwa.
Kunnuwan marigayi ne sak, har lanƙwasar.
Na nemi kujera.
Shibkau ya ga ido ya kawo ruwa,
na san kuɗi sun hau a ransa,
na ce albasar maƙwabtanka ce, kar ka ruɗu.

Hamsin da biyar, har da riga da caja.
Biyar ta rage, na sayi kilishi da sabulu.

Da dare wuta ta tafi, kamar yadda ta saba.
Na shimfiɗa tabarma, na sa yatsa biyu
na buɗe baƙi kamar mai buɗe idon jinjiri,
kowane harafi ya kai ƙwayar wake.
Shafi huɗu na ci ba tabarau,
har sauro ya samu fitila.

Habsu na gefe, tana ƙirga saura:
Inna, arba'in ya rage, ki bar mini goma.
Na ce bari in kai aya.
Ayar na can gaba, a shafi na gaba.